Waƙa Tana da Ciki: Daga Fadar Isa Zuwa Wayar Yaran Kolere



Wata Juma'a bayan la'asar ina zaune a rumfar mai cajin waya a nan unguwa, sai gardama ta kaure tsakanin wani dattijo da jikansa. Yaron ya kawo mimori a tura masa waƙoƙi, kakan kuwa wayarsa ya zo karɓa. Da tsohon ya ji abin da ke tashi a sifika sai ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan ai hayaniya ce, waƙa ta mutu tun ranar da aka binne Shata." Yaron ya ce, "Baba, ni fa ko an kunna mini Narambaɗa ba na fahimtar komai, kiɗa kawai nake ji da amshi." Aka yi dariya aka watse.

Ni dai maganar ta bi ni har gida. Waƙar Bahaushe kamar riga mai shafi take, akwai abin da ido ke gani, akwai wanda sai an juya ta. Mawaƙi ne ke ƙulla zance, mai sauraro ne ke kwance shi. Wannan sana'a ta kwancewa tana da tarihinta, kuma ina jin tsoron a hannunmu za ta suɓuce, mu da muke zaune nesa da Kano da Katsina da Sakkwato. Shi ya sa na ga ya kamata mu bi sawunta tun daga inda ta taso.

Fada, inda aka koyi sakaya zance

Makaɗin fada yana cikin wani hali mai wuya. Ci da shansa da suturarsa da dokinsa duk daga ubangidansa suke, kuma a gaban jama'a yake magana, inda 'yan'uwan sarki da masu jiran gado suke zaune suna ji. In ya ambaci sunan ɗan sarki ya ci masa fuska, gobe wannan ɗan sarkin na iya hawa karaga. In kuma ya yi shiru, bai yi aikin da ake ciyar da shi dominsa ba. To, sai ya samo hanya: a faɗi magana yadda wanda ake nufi zai gane, jama'a su gane, amma ba wanda zai iya kai ƙara. Daga nan habaici da zambo suka yi ƙarfi. Habaici shi ne jifa a kasuwa, wanda ya tsargu da shi ake. Zambo kuwa ya fi zafi, ana zana mutum ne da kamanninsa, tafiyarsa ko haƙoransa ko rowarsa, a bar sunan kawai.

Dabbobin daji da itatuwa su ne haruffan wannan karatu. In ka ji giwa ko zaki ko bajimi, sarki ake nufi. In ka ji kura ko biri ko jaki, to akwai wani a gefen fada da ya sunkuyar da kai. Kuma kowace dabba da halin da aka zaɓe ta dominsa: kura ga zari ga tsoro, biri ga ɓarna ga rashin zama wuri ɗaya. Wanda bai san gidan sarautar ba zai ɗauka tatsuniya ake yi, alhali ana yanke wa wani hukunci ne a bainar jama'a.

Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Ahmadu kiɗan kotso, shi ne wanda masana da yawa suke sa wa a gaba a wannan fage. Ku ɗauki waƙarsa ta doki, wadda aka sani da Dokin Iska Ɗanhilinge. A sama, doki ake yabo da gudunsa a fagen sukuwa. Amma a ƙasar Hausa ba a yabon doki a bar mai shi, kuma duk dokin da aka ce an tsere wa, akwai mai shi a wurin yana cizon yatsa. Ko sunan ma yana da nasa darasi. Filinge gari ne a Jamhuriyar Nijar, bakin mutanen Sakkwato ne ya mai da "fi" ta koma "hi". Yaron da ya ce ba ya fahimtar Narambaɗa bai yi ƙarya ba. Inda mu muke cewa "suka zo", can "sunka zo" ake cewa, inda muke cewa "ya tafi", su "yat tahi" za ka ji. Kafin a kai ga habaicin ma sai an tsallake katangar karin harshe.

Haka Salihu Jankiɗi ya yi da taushi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na 3, haka Sa'idu Faru ya yi wa Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo tun kafin ya zama Sarkin Musulmi, haka Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda aka haifa a 1909 ya rasu a 1991, ya zagaya fadoji da 'yan amshinsa. Waƙoƙinsu kuma rumbun tarihi ne. Suna jero kakannin sarki ɗaya bayan ɗaya, da garuruwan da aka ci da yaƙi, da sunayen fadawa da hakimai. Abin da ba a rubuta a takarda ba, sau da yawa a bakin makaɗi ya tsira.

Yadda waƙar ta iso gindin duwatsun Mubi

Iyayenmu da suka zauna a Kolere fatauci ne ya kawo wasu, wasu cinikin shanu, wasu almajiranci, wasu ɗinki ko fawa ko dukanci. Sun tarar da Fulani da Gude da Fali da Njanyi da sauran masu ƙasa, suka zauna lafiya, suka koyi Fulatanci don kasuwa da maƙwabtaka. A lokacin ma Mubi ba ta gama zama Nijeriya ba. Ƙasar ta fita daga hannun Jamus ta koma riƙon amana a hannun Ingila, sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1959, aka sake wata a watan Fabrairu na 1961, kafin Arewacin Kamaru ya haɗe da Nijeriya ranar 1 ga Yuni, 1961. Aka raɗa wa yankin Lardin Sardauna, hedikwatarsa a nan Mubi.

Shekara ɗaya bayan haka, a 1962, gidan rediyon Kaduna ya fara aiki. Wannan ne ya ɗauko kotso da taushi da kalangu daga ƙofar fada ya ajiye su a zaurukanmu. Akwatin rediyo ɗaya kan tara mutum goma ko fiye, kuma wannan taron shi ne makarantar. In Ɗanƙwairo ya saki wata kalma mai nauyi, akwai Bazamfare ko Basakkwace a majalisar da za a juya a tambaya. In Shata ya ambaci wani gari ko wani attajiri, akwai Bakatsine ko direban da ya taɓa kwana a Funtuwa da zai ba da labari. Waƙar minti goma sai ta haifi hirar awa biyu. Ga baƙo a ƙasar da ba tasa ba, wannan hira ita ce ziyarar gida ba tare da kuɗin mota ba.

Ku dubi kalma ɗaya tak, Gamji, laƙabin da makaɗa suka yayata wa Sardauna Ahmadu Bello, wanda lardinmu ya ci sunan sarautarsa. Yaro zai ce suna ne kawai. Wanda ya san itacen kuwa ya san faɗin ganyensa da yalwar inuwarsa, ya san tsuntsaye da matafiya duk a ƙarƙashinsa suke fakewa, ya san ko an sare shi yakan tofo. Bayan kisan 15 ga Janairu, 1966, wannan kalma ta ƙara wani nauyi da ba ta da shi a da. Waƙoƙin yabon da aka yi masa yana raye suka koma ta'aziyya, ba tare da an canza ko harafi ɗaya ba. Wato ba mawaƙi kaɗai ke zuba ma'ana a waƙa ba, zamani ma yana zuba tasa.

Daga fada zuwa tasha da tsakar gida

Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa a 1923, bai ɗaure kansa a turken sarki ɗaya ba. Da kalangu ya yi wa sarakuna, ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa da manoma da sojoji, har kumbon Apollo 11 da Amurka ta harba wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Mutane sukan ce Hausar Shata mai sauƙi ce, kuma haka ne, amma sauƙin nan tarko ne. Ku sake sauraron Gagarabadau. Wanda ya ji amshinta kaɗai zai rantse yabon wani ƙaƙƙarfan ɗan kasuwa ake yi. Sai ka bi ɗiyan waƙar ɗaya bayan ɗaya za ka tarar fata ake feɗe wa mutumin, amshin ma da kansa gatse ne. Na sha ganin samari suna kiran abokinsu da wannan suna don girmamawa, dattawan da ke gefe suna murmushi.

Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a 1946 ya rasu a watan Yuni na 2015, shi kuma ko 'yan amshi bai ɗauka ba. Kuntiginsa ɗan ƙaramin abu ne mai tsirkiya ɗaya. Ya juya baya ga masu mulki ya fuskanci waɗanda ba a yi wa waƙa: yaron mota, lebura, matar da aka yi wa auren dole. A Jawabin Aure shi kaɗai yake zama miji ya zama mata, ya yi rigimar gida da muryoyi biyu, har kowane ɓangare ya ɗauka shi aka goya wa baya. Sai an natsu a gane bai wanke kowa ba.

A cikin gida kuwa, inda maza ba sa shiga, akwai ƙwarya da amada. Hajiya Barmani Coge ta ƙasar Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da Uwaliya Mai Amada ta Kano, sun faɗi abin da mace ba ta iya faɗa wa miji ko kishiya ko uwar miji ido da ido. Maza da yawa sun ɗauki waƙoƙin Barmani a matsayin raha da rawar biki, ba su lura da cewa huɗuba ce ake yi wa mata a kan kama sana'a da riƙe 'yan kuɗinsu ba. Wasu baitocin kuma harshen damo ne da su, yarinya ta ji abu ɗaya, uwarta ta ji wani. Ku tambayi iyayenmu mata na nan unguwa, sun fi mu sanin wannan karatu.

Kada mu manta da fagen dambe. Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya yi wa Shago waƙa, amma wanda ya saurara da kyau zai ji rabin zancen a kan mutuwa ne da kushewa da ƙarewar ƙarfi. Ana zuga namiji ya shiga fage, ana kuma tuna masa cewa akwai wadda ba a kayarwa.

Ranar da jami'a ta miƙe wa makaɗi

An daɗe ana kallon makaɗi a matsayin maroƙi kawai, wanda ba a ba shi 'ya, ba a zama da shi a sahun gaba. Masu ilimin zamani ne suka fara cewa a dakata, abin da ke bakin mutanen nan adabi ne. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan Shata. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa, mutumin da bai zauna a aji ba ya zama Dokta. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya bi makaɗa gari gari ya tattara tarihinsu, ya kuma shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka. A wurinsu muka ji kalmomi irin su turke, wato babban saƙon da aka ɗaure waƙa a jikinsa, da gindin waƙa da ɗiyanta, da kamance da dabbantarwa da mutuntarwa. Sunaye ne sababbi, amma aikin shi ne wanda dattawanmu suke yi a gindin rediyo tun tuni.

Na san akwai masu karatu a cikinmu da ba sa sauraron kiɗa saboda abin da malamansu suka karantar da su, kuma ban zo jayayya da kowa ba. Su ma dai wannan kunne suke bukata in za su ci moriyar Imfiraji ta Aliyu Namangi da sauran waƙoƙin wa'azi, don su ma cike suke da misali da sakaya.

Kaset, fim, sannan waya

Kaset ya ba mu damar mayar da waƙa baya mu sake ji, kuma wannan alheri ne. Daga 1990, da aka yi Turmin Danya a Kano, finafinan Hausa suka fara, zuwa ƙarshen shekarun nan fiyano ya maye gurbin kalangu a yawancin waƙoƙin da matasa ke ji. Yanzu kuwa komai ya koma cikin waya. Abin da ya canza mafi girma, a ganina, shi ne zaman sauraro. Da, mutum goma ne a kan rediyo ɗaya. Yau mutum ɗaya ne da abin kunne, da waƙa ɗari biyar a mimori, in kalma ta wuce shi ba wanda zai juya ya tambaya, sai ya danna ta gaba. Ga Hausarmu ta nan, wadda ta saba da kasuwa da tasha, ta gauraya da Fulatanci da Turanci. Tana biyan bukatar ciniki sarai, amma kalmomin sarauta da na doki da na noma da na farauta suna zubewa daga cikinta kullum.

Sai dai dattijon nan na rumfar caji shi ma bai yi adalci ba. Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, waƙa kuwa ba ta bi shi kabari ba. Aminu Ala yana auna kalma kamar mai awon zinariya, kuma ɗalibai suna rubuta kundaye a kan waƙoƙinsa. A waƙoƙin soyayya na Nura M. Inuwa akwai karin magana da kamance da za su ishi malamin Hausa darasin mako guda. Abin da Dauda Kahutu Rarara yake yi wa abokan hamayyar iyayen gidansa, na laƙaba musu sunaye da zana kamanninsu, zambon fada ne ya sa rigar siyasa, ko kana son ɓangarensa ko ba ka so. Akwai shirme da yawa a kasuwa, wannan gaskiya ne. Amma a zamanin Narambaɗa ma an yi makaɗan da ba wanda ya tuna da su yau. Rairaye ne zamani ya yi, tsakin ya tafi, garin ya zauna.

Abin da hanyar Yola ta koya mini

Ba wanda ya zauna a Mubi da zai manta da 29 ga Oktoba, 2014, ranar da 'yan Boko Haram suka shigo gari muka watsu, wasu kan duwatsu, wasu Kamaru, wasu Yola. Ni da iyalina mun yi tafiyar ƙasa har ƙafafun yara suka kumbura, kafin muka sami wata babbar mota da ta riga ta cika. Direba ya ce ba wuri. Yaron motar ne, wani saurayi mai yagaggiyar riga da baƙin mai har gwiwar hannu, ya sauko ya ɗaga 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya ya cusa su, ya ba mahaifiyata wurin zamansa, shi kuma ya maƙale a bayan mota har muka isa. Ko sunansa ban tambaya ba.

Bayan 'yan makonni, a gidan da aka sauke mu, wani ya kunna waƙar Karen Mota ta Ɗan Maraya a wayarsa. Na fi shekara talatin ina jin wannan waƙa ina dariya, don a zatona tsiya ake yi wa yaron mota da dattinsa da wahalarsa. Ran nan kuwa wallahi kasa haɗiye abinci na yi. Sai a lokacin na gane mutumin da ya tashi maraya ne yake nuna mana wani marayan, yana cewa ku dube shi da kyau, da shi ake tafiyar. Waƙar tana nan yadda take tun farko, ni ne ban isa jin ta ba sai da na yi gudun hijira.

To, ina mafita?

Ba sai mun jira gwamnati ko jami'a ba. Dattawan da suka zauna a gindin rediyon Kaduna har yanzu akwai sauransu a Kolere, amma kullum raguwa suke yi, kuma duk wanda ya tafi da nasa kason fassarar yake tafiya. Samari, in kun ji kalmar da ta shige muku duhu, ku tsayar da waƙar ku je ku tambaya. Ku riƙa yi wa kowace waƙa tambaya uku: wa ake yi wa, wa ake yi da shi, me ya faru a lokacin da aka yi ta? Malaman Hausa na makarantunmu, ku shigo da waƙa aji, a feɗe ta baiti baiti. Ɗalibanmu da ke Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a nan Mubi, wayar da ke hannunku tana naɗar murya, ku zauna da kakanninku maza da mata ku naɗi bayaninsu tun suna da ƙarfin yi.

Mu kuma iyaye, mu rage saurin cewa shirme ne. Ka ce wa ɗanka ya kunna maka wadda ya fi so, ka saurara har ƙarshe, ka tambaye shi me mawaƙin yake nufi. In akwai ciki, ka ƙaru. In babu, shi da kansa zai ji kunyar rashin amsa, kuma gobe zai zaɓi wadda ta fi ta.

Na sake haɗuwa da dattijon nan a masallaci, na ce masa, "Baba, ka taɓa zaunar da yaron ka fassara masa Narambaɗan?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai bai taɓa tambaya ba." Na ce, "Shi ma cewa zai yi ba ka taɓa kiransa ba." Ya yi dariya ya ce zai gwada bayan sallar isha'i.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da Mubi da ƙasarmu lafiya. Amin.